Yadda Facebook ya sake ƙera sabobin gaba: daga Prineville zuwa Yosemite

Duk lokacin da wani ya buɗe Facebook a wayarsa, ko a Kano yake ko a Damagaram, saƙon da wayar ta tura yana ƙetare teku ya sauka a wata cibiyar adana bayanai a Amurka ko Turai. Injin da ke tarbar saƙon shi ake kira sabar gaba. Aikinta ta gane wanda ya turo, ta tambayo sauran injuna labaran abokansa da sharhin da aka yi masa da tallan da za a nuna masa, ta haɗa su wuri guda ta mayar masa kafin ya ƙosa. Ba ta ajiye komai na kowa. Hotuna suna wani wuri, bayanan asusu suna cikin rumbunan MySQL, abubuwan da ake yawan nema kuma suna cikin sabobin memcached da TAO. Ita dai lissafi ne nata, dare da rana.

Wannan hali na rashin ajiya shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Sabar da ke riƙe da rumbun bayanai idan ta mutu an shiga uku, don haka ake sa mata akwatin wuta biyu da faifai masu yawa da duk wani abin kariya. Sabar gaba kuwa idan ta mutu, na'urar da ke raba aiki sai ta daina tura mata, ta tura wa dubban 'yan uwanta. Babu wanda zai sani. To me ya sa za a biya kuɗin kariyar da ba a buƙata? Tsakanin 2009 da 2016 injiniyoyin Facebook sun yi ta maimaita wannan tambaya a kan kowane ɓangare na injin, kuma amsar kusan kullum ita ce a cire.

Halin da ake ciki kafin 2011

Har zuwa 2010 Facebook haya yake yi. Yana kama ɗakuna a cibiyoyin wasu kamfanoni a California da Virginia, yana sayen sabobi a hannun manyan dillalai kamar kowa. Masu amfani da shi sun kai miliyan 500 a watan Yulin 2010, kuɗin wuta da na haya kuma suna hawa tare da su. A 2009 Jonathan Heiliger, wanda ke kula da ɓangaren injuna na kamfanin, ya fito a bainar jama'a a wani taro ya ce ƙarin saurin da Intel da AMD ke tallatawa a sababbin furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafi ta kwamfuta, ba ya ganinsa a aikin Facebook, kuma masu ƙera sabobi ba su fahimci bukatar kamfanoni irin nasa ba.

Matakin farko ba a kan ƙarfe aka ɗauke shi ba. An rubuta Facebook ne da harshen PHP, mai sauƙin rubutu amma mai cin furosesa. A watan Fabrairun 2010 kamfanin ya fitar da HipHop, manhajar da Haiping Zhao ya jagoranta, wadda ke juya rubutun PHP zuwa C++ kafin a gudanar da shi. Kamfanin ya ce hakan ya rage aikin furosesa a sabobin gaba da kusan rabi. Daga baya aka maye gurbinta da HHVM, wadda ke fassara rubutun a daidai lokacin da ake gudanar da shi. A riƙe wannan: kamfanin da ke riƙe da manhajarsa tun daga tushe shi ne zai iya cewa ga ainihin ƙarfen da manhajar ke so.

Prineville: an fara da cire kwalliya

An zaɓi Prineville, wani ƙaramin gari a tsakiyar jihar Oregon, saboda iskarsa busasshiya ce kuma darensa da sanyi, ga sassaucin haraji. Jay Park ne ya tsara ginin da wutarsa, Amir Michael, wanda ya baro Google, ya tsara sabar, Frank Frankovsky kuma ya riƙe ɓangaren kayan aiki da cinikinsu. An tsara ginin da sabar a lokaci guda, kowanne don ɗan uwansa. Wanda ke haya ba shi da wannan dama.

Sabar da suka fitar ba ta da kyan gani. Babu fenti, babu murfin gaba na roba, babu tambarin kamfani, babu guraben da ba za a taɓa cusa komai a cikinsu ba. Ta fi takwarorinta na kasuwa rashin nauyi da kusan kilo 3. Murfin gaban nan da aka cire, ban da kuɗinsa, yana tare iska ne, fanka kuma sai ta ƙara ƙoƙari kafin ta ja iskar ta cikinsa. An maido da duk wayoyi gaba domin ma'aikaci ya yi gyara daga layin da ke da sanyi, ba sai ya shiga layin da zafin injuna ke fita ba, kuma yawancin sassan ana cire su da hannu ba tare da sukudireba ba.

Abu ɗaya ne suka ƙara, shi ne tsayi. Sabobin kasuwa masu yawa tsayinsu awo ɗaya ne na kanta (kabad ɗin ƙarfe da ake jera sabobi a ciki), wato inci 1.75. Tasu suka yi ta awo ɗaya da rabi. Wannan ɗan ƙarin ya ba da damar sa ƙarfen zuƙe zafi mai tsawo a kan furosesa, da fanka mai faɗin milimita 60 a madadin mai 40. Babbar fanka tana tura iska daidai da ƙarama alhali tana juyawa a hankali, wutar da fanka ke ci kuwa tana hawa ne da sauri ƙwarai idan aka ƙara mata gudu. Sun yarda su yi asarar wuri a kanta don su rage wuta, wanda ke nuna tun a lokacin sun gane wace ce ta fi tsada.

A ɓangaren wuta, a cibiyar da aka saba wutar kan bi ta cikin wata ƙatuwar UPS, a juya ta zuwa ta batir, a sake juyo ta, a sauke ƙarfinta da taransifoma zuwa bolt 208, kowane mataki kuma yana cin rabonsa ya fitar da shi a matsayin zafi. A Prineville aka kai wuta mai bolt 277 kai tsaye zuwa akwatin wutar kowace sabar, akwatin da ingancinsa ya kai kashi 94.5 cikin ɗari. Batira kuma aka ajiye su a kabad a tsakanin kantoci, masu bolt 48, suna jira kawai. Idan wuta ta ɗauke su riƙe sabobin na ɗan lokacin da janareta ke buƙata ya tashi. Kantocin uku-uku aka haɗa su, kowane jeri sabobi 30, jimla 90.

Sanyaya ginin ma babu injin sanyi irin na na'urar kwandishan. Ana jawo iskar waje ta saman bene, a tace ta, a fesa mata ruwa kamar hazo, ruwan ya ƙafe ya tafi da zafin, yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar zufar da ke tsattsafowa a jikinta. Daga nan fankoki su tura iskar ƙasa zuwa ga sabobin.

Ranar 7 ga Afrilun 2011 Facebook ya bayyana sakamakon: cibiyar ta fi waɗanda yake haya tsimin wuta da kashi 38, ta fi su arha wajen ginawa da kashi 24. Ma'aunin da ake kira PUE ya tsaya a 1.07, ma'ana duk wat 100 da ya isa ga kwamfutoci, wat 7 kacal ginin ke ci a kansa. A wuraren haya adadin yana wajen 1.5 ne. A ranar ce kuma ya saki zanen komai kyauta a ƙarƙashin shirin Open Compute Project. Wannan kyauta da lissafi a cikinta. Facebook ba sabar yake sayarwa ba, idan wasu suka rungumi zanensa masana'antu irin su Quanta ta Taiwan za su ƙera da yawa, farashi ya sauko masa shi ma.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. A bazarar 2011 na'urar da ke sarrafa ƙofofin iska ta rikice, iska mai zafi ta yi ta zagayawa tana shan feshin ruwa har danshi ya cika ɗakin, raɓa ta sauka a kan akwatunan wuta, da yawa suka ƙone. Jay Parikh, shugaban sashen injuna na kamfanin, ya ba da labarin a 2013, cewa an kira shi a waya aka ce masa ga girgije a cikin cibiya. An gyara manhajar, aka kuma rufe akwatunan wutar da abin da zai hana danshi shiga. Ga kuma ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da ta sa kamfanin a gaba saboda yawancin wutar yankin daga kwal ake samunta, rigimar da sai a Disambar 2011 aka sasanta. Cibiyar Luleå ta arewacin Sweden da aka buɗe a 2013 da wutar madatsun ruwa take aiki.

Inda gizo ke saƙar: furosesa biyu a allo ɗaya

Duk wannan gyara a jikin sabar aka yi shi. Cikinta kuwa yana nan yadda kasuwa ta saba: babban allo ɗaya, furosesa biyu. Haka aka ci gaba a zanen da suka biyo baya, Windmill da Winterfell da Leopard, ana sauya furosesa duk lokacin da Intel ta fitar da sabo. A halin nan masu amfani sun haye biliyan ɗaya a Oktoban 2012, a Agustan 2015 kuma mutum biliyan ɗaya suka shiga a rana guda.

Matsalar ita ce kowace kanta tana da iyakar wutar da aka gina mata, a Facebook a lokacin kimanin kilowat 11. Wayoyin ginin da batira da janareta da iskar sanyi duk a kan wannan adadi aka auna su. Sabon furosesa yana zuwa da ƙarin sauri, amma yana zuwa da ƙarin cin wuta. Kanta mai sabobi 30 tana ɗauke da furosesa 60, idan kowanne yana cin wat 120 an tafi da wat 7,200 tun kafin a lissafa ram (ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke aiki da ita) da fanka da sauran kaya. Idan na gaba ya fi haka ci, sai dai a rage yawan sabobin da ke kantar, saurin da aka saya da tsada ya zube a nan. Ƙara wa ginin wuta kuma aikin shekaru ne. Saboda haka tambayar da ta dace ta zama: shafi nawa kanta ɗaya za ta iya haɗawa a daƙiƙa da kilowat ɗin da take da shi?

Da suka duba abin da furosesa biyun ke kashe wuta a kai, sai suka ga wani kaso na tafiya ne wajen zumunci tsakaninsu. Kowane furosesa yana da ram ɗinsa a gefensa, amma dole injin ya zama kamar abu ɗaya, don haka akwai wata hanya mai sauri da Intel ke kira QPI da ke haɗa su. Idan aiki yana gudana a furosesa na farko alhali bayanan da yake nema suna ram ɗin na biyu, sai an bi ta wannan hanya, kuma an fi daɗewa. Ga rumbun bayanai mai buƙatar ram mai ɗimbin yawa a wuri ɗaya, wannan farashi ne da ya cancanci a biya. Ga sabar gaba fa? Buƙatar da ta zo daga Kano ba ruwanta da wadda ta zo daga Jakarta. Kowace tana shiga, a yi mata aiki, ta fita. Babu abin da suke rabawa da zai sa a ɗaure furosesa biyu da igiya ɗaya. Injiniyoyin HHVM sun ɓata lokaci suna koya wa manhajar ta riƙa tsare kowane aiki kusa da ram ɗinsa, wato suna magance ciwon da ƙarfen ne ya jawo shi.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta lantarki da ke goyon bayan sauyin. Wutar da furosesa ke ci tana bin saurin bugunsa, tana kuma bin ƙarfin bolt ninki a kan ninki. Idan aka rage saurin kaɗan ana iya rage bolt ɗin, wutar sai ta faɗi fiye da yadda saurin ya faɗi. Ƙwayoyin lissafi, wato ƙananan sassan cikin furosesa da kowanne ke gudanar da nasa aikin, masu yawa da ke tafiya a matsakaicin gudu sun fi 'yan kaɗan masu tsere riba, muddin aikin yana rabuwa. Aikin sabar gaba kuwa a rabe yake zuwa.

Wannan tunani ba sabo ba ne, kuma ya riga ya kayar da mutane. A farkon shekarun 2010 an yi ta yayata ƙananan sabobi masu furosesa irin na waya. Kamfanin Calxeda da ya gina nasa a kan ARM, zubin furosesan waya, ya rufe a ƙarshen 2013. SeaMicro da AMD ta saya a 2012 an rufe shi a 2015. Tun a 2010 Urs Hölzle na Google ya yi gargaɗi a wata gajeriyar takarda cewa idan ƙwayar lissafi ta cika rauni, kowace buƙata za ta daɗe kafin ta kammala, mai amfani zai ji jinkirin a jikinsa, masu rubuta manhaja kuma za su sha wahalar daddatsa aikin da ba ya datsuwa. Manhajar Facebook tana da girma ƙwarai, kuma kowace buƙata a kan ƙwaya ɗaya take gudana daga farko har ƙarshe. Raunanan ƙwayoyi ba za su ɗauke ta ba.

Mono Lake da Yosemite

Mafitar ta fito ne daga aikin haɗin gwiwa da Intel a kan furosesa mai suna Xeon D, wanda ya fito a Maris ɗin 2015. Ƙwayoyinsa irin na manyan Xeon ne na zubin Broadwell, saboda haka manhajar ba ta buƙatar a sake rubuta ta, kuma kowace ƙwaya tana da ƙarfin da za ta gama buƙata a kan lokaci. Abin da aka cire shi ne QPI, tunda ba shi da abokin zama. Abin da a da yake warwatse a kan allo, kamar mai kula da faifai da hanyar sadarwa, an tattaro shi cikin ƙunshi ɗaya. Na farkon da ya shiga kasuwa ƙwaya 8 ne da shi yana cin wat 45. Wanda Facebook ya zuba a sabobin gaba ƙwaya 16 ne a kan wat 65.

A kansa aka gina wani kati da aka sa wa suna Mono Lake. Katin sabar ce cikakkiya: furosesa ɗaya, ram gigabayit 32, da ɗan ƙaramin faifai na tayar da injin. An ƙayyade masa kusan wat 90 gaba ɗaya. A raba wat 11,000 da 90, za a samu kusan 120. Kantar da a da ke ɗaukar furosesa 60 yanzu tana ɗaukar 120, ƙwayoyin lissafi 1,920, ba tare da an ƙara wa ginin ko waya ɗaya ba.

Sai dai sabobi 120 a inda ake da 30 suna zuwa da nasu ciwon kai, kuma a ganina a nan ne ainihin gwanintar take. Da kowace za ta zo da katin sadarwarta da wayarta da gurbinta a na'urar sadarwa ta saman kanta da fankarta da ɗan injin da ke lura da lafiyarta, da ribar ta ƙare a kan waɗannan. Yosemite ita ce amsar. Dirowa ce da ke ɗaukar kati huɗu a tsaye, jimlar wutarta ba ta wuce wat 400 ba. Huɗun suna raba fankoki, suna raba injin lura guda ɗaya mai manhajar OpenBMC, suna kuma raba katin sadarwa ɗaya wanda kowace sabar ke gani kamar nata ne ita kaɗai, fasahar da Mellanox ta kawo a ConnectX-4. Waya ɗaya ke fita daga dirowar. Dirowa uku ke jeruwa a shiryayye ɗaya, sabobi 12 ke nan, kuma ta fuskar wuri kanta na iya ɗaukar har 192. Wuta ce ke tsayar da lissafin kafin wuri ya ƙare.

A Maris ɗin 2016 kamfanin ya bayyana cewa kantar Mono Lake ta fi ta furosesa biyu yawan aiki a kan kowane wat, kuma ita ce ta zama ƙashin bayan sabobin gabansa. An kuma tsara gurbin katin yadda wani kamfanin ma zai iya ƙera nasa katin ya shiga, wanda ko ba komai sanda ce a hannu ranar ciniki da Intel.

Abin da aka biya

Kowace sabar tana buƙatar nata kwafin Linux, manhajar da ke tafiyar da injin, da nata kwafin manhajar Facebook a cikin ram. A injin mai furosesa biyu kwafi ɗaya ke yi wa duka biyun aiki, a nan kuwa an maimaita shi sau 120 a kanta guda. Yawan injunan da za a riƙa sabuntawa da sa wa ido ya ninka huɗu, abin da ba zai yiwu ba sai ga wanda ya riga ya mayar da wannan aiki na manhaja ba na mutum ba. Raba kaya kuma raba ƙaddara ne: katin sadarwa ɗaya ya lalace, sabobi huɗu sun tafi. A zubin farko ma idan ma'aikaci ya zaro dirowa don ya canza kati ɗaya, sauran ukun masu lafiya sai sun mutu tare da shi. An iya jure hakan ne kawai saboda sabar gaba ba ta riƙe da amanar kowa.

Shi ya sa banki ko jami'a mai sabobi goma, inda injin ɗaya ke riƙe da rumbun bayanai da wasiƙu da komai, ba za su ga wannan riba ba idan suka kwaikwayi zanen. Facebook kansa bai daina furosesa biyu ba, ya fitar da sabar Tioga Pass mai furosesa biyu a 2017 don ayyukan da ke buƙatar ram mai yawa a injin ɗaya. Manyan da ke da irin girmansa kuwa sun shigo: Microsoft ta shiga Open Compute a 2014, Apple a 2015, Google a 2016 da zanen kantarsa mai bolt 48. A 2015 Facebook ya ce gyare-gyaren ƙarfe da manhaja da gini sun rage masa kashe kuɗi da sama da dala biliyan 2 cikin shekara uku, adadin da ya haɗa komai da komai, ba sabobin gaba kaɗai ba.

Zubi na biyu na Yosemite ya fito a 2017 da kati mai suna Twin Lakes, wanda ya ɗauki Xeon D na zubin Skylake mai ƙwaya 18. A cikinsa aka sake tsara yadda wuta ke shiga dirowar, ta yadda ma'aikaci zai zaro ta ya canza katin da ya mutu alhali sauran ukun suna ci gaba da amsa buƙatu.